Agogo da wuƙar da za su jure ƙurar Adar

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Tawa ne, sana'ata albasa. Kullum ina bisa moto tsakanin gonaki da kasuwanni, daga Galmi zuwa Tamaske, wani lokaci in bi mota har Yamai. Cikin shekara biyu agogo huɗu na saya, babu wanda ya ga Sallah biyu a hannuna. Wani ruwa ya shige shi, wani fatarsa ta tsinke, wani ya tsaya haka kawai. Wuƙar aljihu ma haka, ko ta dakushe cikin sati, ko ta yi lako-lako. Ina da kamar jaka talatin. Wane agogo da wace wuƙa zan saya in huta?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, ba kayan ado kake nema ba. Kana son agogon da za ka ɗaura da asuba ka manta da shi, da wuƙar da za ta yanke igiyar buhu yau, ta yanke gobe, ba tare da ta ba ka kunya gaban masu kaya ba. Gyaran agogo shi ne abin da nake ci da shi a nan Yamai, don haka abin da zan faɗa maka a kansa daga teburina ya fito. Ita kuwa wuƙa, gidanmu gidan ƙira ne, na tashi ina jan zuga-zugi, amma ban riƙi ƙira sana'a ba. Ka ɗauki maganata a kanta a matsayin ta wanda ya daɗe kusa da maƙera kuma yake aiki da wuƙa kullum.

Abu biyun nan ba hanya ɗaya suke bi su yi ƙarko ba. Agogo yana daɗewa ne in an bar shi a rufe, ba a yawan buɗe cikinsa. Wuƙa kuwa sai hannunka na kanta a kai a kai, kana wasawa kana gogewa. Yawancin asarar da nake gani daga juya wannan take zuwa: a yi ta buɗe agogo duk bayan ƴan watanni, a bar wuƙa shekara ba ta ga dutse ba.

Abin da ke kashe agogo a ƙasarmu

Mutane na zargin faɗuwa, amma ruwa ya fi kashe agogo a nan, duk da ƙasar tamu ta fari ce. Dalili kuwa alwala. Sau biyar a rana ruwa na bi ta wuyan hannunka, ko ka cire agogon ka mayar da shi bisa jiƙaƙƙen hannu. Abin da ke tsare cikin agogo daga ruwa wasu siraran zobban roba ne, ɗaya ƙarƙashin murfin baya, ɗaya a ƙullin da ake gyara lokaci da shi, wasu a maɓallai. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a Tawa, yana busar da robar nan har ta taurare ta tsage. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi ta cika tsagar. Daga nan sai ka tashi wata safiya ka ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi. In aka kawo min irin wannan na ɗaga murfi, abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne: jar tsatsa a sandar ƙulli, da wani farin gari mai ratsin kore kewaye da batir, ya cinye ƴar tagullar da ke ɗaukar wuta. A nan gyara ya ƙare, sai dai sabon inji.

Saboda haka ka karanta abin da aka rubuta a fuska ko bayan agogo. In ka ga WATER RESIST kawai, ko 30M, kada ka ɗauka za ka nutse da shi mita 30. Gwajin matsi ne da aka yi a masana'anta yana sabo, kuma ma'anarsa yayyafi da fantsamar wankin hannu. Mai 50M ya ɗan fi. Kai da ke yini cikin zufa, kana ratsa fadama, damina ta same ka bisa hanya, nemi mai 100M, wanda wasu ke rubuta wa 10 BAR. Kuma ko wane iri ne, kada ka danna maɓalli ko ka ja ƙulli yana jiƙe.

Wurin canza batir ne ake yi wa agogo mummunan rauni. A buɗe shi a bakin titi iska na kaɗa ƙura, zoben roba ya faɗi ƙasa ba a lura ba, ko a danne shi a karkace, a rufe a miƙo maka. Agogon na tafiya, kai kuwa ba ka san an bar ƙofa a buɗe ba. Ga kuma batirin kansa. Ƙananan batiran agogo iri biyu ne masu kama ɗaya: mai lamba SR, kamar SR626SW da ake kira 377, da mai lamba LR ko AG, kamar AG4. Na farkon ya fi tsada, wutarsa ba ta hawa da sauka, yana iya kai shekara biyu zuwa uku. Na biyun shi ne ake sayarwa jere a kati da araha, yana saurin mutuwa, kuma ya fi yawan yoyo. Ina kyautata zaton agogonka da ya tsaya haka kawai wannan ne ya ci shi. In za a canza maka, ka tsaya a kai, ka ga lambar da idonka, ka ga an mayar da roba an shafa mata ɗan man silikon. Batirin da ya mutu kuma kada ya kwana wata a ciki.

Sai gangar jikin. Agogunan nan masu ƙyalli da ake zubawa a tire yawancinsu tagulla ce ko wani ƙarfe mai taushi aka yi wa ruwan azurfa ko na zinariya. Gishirin zufa na cinye ruwan, ƙarfen ya yi ramuka, hannunka ya yi kore. Juya bayan ka duba. STAINLESS STEEL BACK na nufin murfin kaɗai ne inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. ALL STAINLESS STEEL shi ne gaba ɗaya. In kuɗi bai kai na inoks ba, na roba mai kyau ya fi mai ruwan zinariya nesa ba kusa ba.

Gilashi kuwa rairayi ne maƙiyinsa. A ma'aunin tauri na Mohs, ƙwayar rairayi na kan 7, gilashin agogo na yau da kullum bai kai nan ba, shi ya sa in ka goge ƙura da bakin riga a bushe kake kankare shi da hannunka. Na safir, wani dutse mai tauri, yana kan 9, rairayi ba ya yi masa komai, sai dai tsada, kuma in ya bugi dutse da ƙarfi fashewa yake. Na roba yana saurin kankaruwa amma ba ya saurin fashewa, kuma ana goge shi ya dawo. Ga mai ɗaukar buhu, na fi son agogon da bakinsa ya ɗan ɗara gilashin tudu, don bakin ya riƙa karɓar duka.

Mai batir ko mai wani

Ina son agogo mai wani, wato marar batir, shi na fara koyo, kuma har yau ba abin da ke min daɗi kamar in ji ya tashi bayan na wanke shi. Seiko 5 da iyayenmu ke dawowa da shi daga aikin hajji ya cancanci sunan da ya yi. Tun 1963 ake ƙera shi, motsin hannu ke ba shi wani, in ya cika yana kai kamar awa 40 a ajiye. Amma ba zan ce ka saye shi ba. Cikinsa ƙananan ƙarafa ne masu yawa da wani siririn gashin ƙarfe da ke kaɗawa, ga mai da ke bushewa da zafi. Girgizar moto bisa hanyar ja, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa, tana wahalar da shi. Maganaɗisun lasifikar waya na iya sa shi gudu. Ko lafiyarsa ƙalau, ƙara ko rage sakan 20 zuwa 40 a rana ba laifi ba ne a wurinsa. Kuma duk bayan ƴan shekaru sai an kwance shi an wanke an sa mai, masu iya wannan aikin kuwa sai raguwa suke.

Mai batir, wanda kamfanin Seiko ɗin ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1969, wata ƴar ƙwayar dutse ce a cikinsa ke kaɗawa sau 32,768 a sakan guda. Kuskurensa a wata bai kai na mai wani a kwana biyu ba. Mai nuna lamba kuwa ko allura babu a cikinsa, balle wani abu ya goce.

Shi ya sa zan kai ka wurin Casio. F-91W, ɗan baƙin nan da kowa ya sani, ya fito a 1989, nauyinsa giram 21, batirinsa CR2016 na kai kamar shekara 7. Ka ga shekara 7 ke nan ba wanda ya buɗe shi. Rauninsa biyu: na fantsama ne kawai a rubuce, kuma maɗaurinsa na roba na tsagewa bayan ƴan shekaru. In da hali ka ɗan hau sama, W-800H ko AE-1200 sun fi dacewa da kai, don duka biyun 100M ne kuma batirinsu na shekara 10 ne. In ka fi son mai allura, akwai MRW-200H, shi ma 100M, sai dai batirinsa kamar shekara 3 ne. G-Shock, wanda injiniya Kikuo Ibe ya fito da shi a 1983 don ya jure faɗuwa, shi ne gaba da su, 200M ne, amma na gaskiya zai cinye jaka talatin ɗinka ya nemi ƙari. Akwai kuma masu cin hasken rana, Tough Solar na Casio da Eco-Drive na Citizen. Rana kam ba mu rasa ta ba, sai dai dogon hannun kaftani na rufe su, kuma in ajiyar wutarsu ta gaji ba a sa musu batir na yau da kullum. Agogon zamani mai haɗuwa da waya kuwa ka bar shi, caji kullum ba na mai kwana a tasha ba ne.

Babbar matsalar ita ce jabu, don sun fi na gaskiya yawa a tire. A F-91W, danna maɓallin dama ka riƙe kamar sakan 3, na gaskiya zai rubuta sunan CASIO a fuskarsa. Wanda bai rubuta ba ka ajiye shi. Wanda ya rubuta ma kada ka saki jiki, don wasu masu jabun sun koyi wannan. Karkata shi ka ga ko lambobin na nan baƙi ƙirin ko sun dushe, duba rubutun murfin baya ko ya nutsa sosai kuma a tsaftace, ka ji maɓallai ko suna dawowa da ƙarfi. Farashi ma shaida ne. Abin da ake sayarwa kusan Yuro 20 a Turai, wato wajen jaka 13, ba zai ƙetaro teku ya zo Tawa a jaka biyu ba. Araha ba ta ado. Saya a kantin da ke da mazauni, wanda za ka iya komawa.

Kan maɗauri, fata ba ta zama da zufa, tana wari ta ruɓe. Roba ta fi, in ba ka fesa mata turare ko maganin sauro ba, don suna cin ta. Na zaren nailan mai ratsawa ƙarƙashin agogo yana da wata fa'ida ga mai moto: in ɗaya daga ƴan sandunan da ke riƙe maɗauri ta fita, ɗayar na riƙe da agogon, ba zai faɗi a hanya ba. Ran Juma'a ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu. Kada kuma ka bar agogo a gaban mota cikin rana, fuskar mai lamba baƙi take yi, roba ta gasu.

Iyakata a nan ita ce ba ni da na'urar gwada matsin ruwa, kuma yawancin masu tebur irina ba su da ita. In na buɗe agogo mai 100M na rufe, zan yi iya ƙoƙarina, amma ba zan rantse maka ya koma yadda ya fito daga masana'anta ba. Wannan ma wani dalili ne na sayen mai daɗewar batir.

Wuƙa

Wuƙarka da ke dakushewa cikin sati, ko dai ƙarfenta bai sha wuta yadda ya kamata ba, ko kuma aikinka ne ke cin ta. Buhun albasa da igiyarsa cike suke da rairayi, kuma rairayi ya fi ƙarfen wuƙa tauri. Ko wuƙar Yuro 200 ka saya sai ta dakushe a wannan aiki. Don haka kada ka nemi wadda ba ta dakushewa, babu ita. Nemi wadda in ta dakushe za ka dawo da kaifinta cikin minti biyu da dutsen da ke aljihun jakarka.

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi kuma kaifinsa na da daɗi, amma yana tsatsa. Inoks kuwa an gauraya shi da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke hana shi tsatsa. Da makiyayi ne ko mai aikin fata ya tambaye ni, da baƙin ƙarfe zan ce, don ƙasarmu busasshiya ce, in ban da damina tsatsa ba ta cika damu ba. Kai kuwa albasa kake tsagawa kana nuna wa mai saye cikinta. Ruwan albasa na baƙanta baƙin ƙarfe nan take, ya bar shuɗi-shuɗi da ƙarnin ƙarfe a jikin albasar, mai saye ya ga kamar kayanka ne ke da aibi. Inoks mai kyau ya fi maka.

Cikin masu naɗewa, Opinel ta Faransa nake fara ambata. Tun 1890 ake yin ta a yankin Savoie na tsaunukan Faransa, ƙotar itace, ruwan wuƙa, da wani zoben ƙarfe da aka ƙara mata a 1955 wanda in ka murɗa shi ba ta rufewa bisa yatsa. Lamba 8, wadda tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, ita ce daidai aljihu, kuma ana yin ta da baƙin ƙarfe da inoks, an rubuta a jiki. Siririya ce, tana shiga albasa ba ta fasa ta. Halinta shi ne itacen na kumbura da damina har buɗewa ta yi wuya, da rani kuma ya saki. Douk-Douk, da aka fara ƙerawa a garin Thiers na Faransa a 1929 kuma ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, ƙotarta falle ne na ƙarfe da aka naɗe, ba abin da zai kumbura ko ya tsage, lafe take a aljihu. Sai dai ba ta da makulli, kuma tana rufewa da ƙarfi, a kiyaye yatsa. Victorinox ta Suwizalan, mai jan ƙota da gicciye, inoks ɗinta na da sauƙin washi, amma ɗauki mai kai biyu ko uku. Mai kai goma sha wani abu ramukan tara ƙura ce kawai. Su kuwa masu fitowa fat in an danna maɓalli, masu zanen damisa da ƙananan kusoshi, su ne masu yin lako-lako, kuma su ne jami'in tsaro ke fara yi wa kallon makami.

In ba dole sai ta aljihu ba, wuƙar da ba ta naɗewa ta fi kowace ƙarko, don ba ta da gaɓar da za ta saki. A nan kada ka raina maƙeranmu, na Adar ko na kasuwar Katako a Yamai. Abin tambaya shi ne da wane ƙarfe aka yi ta. Sifirin tsohuwar mota ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar tauri. Rodin gini ba ya ɗauka yadda ake so, ko an wasa shi ba ya riƙewa. Maƙerin kirki zai gasa ta ta yi ja, ya tsoma a mai, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan don kada ta yi gautsi. Gwajin mai sauƙi ne. Karɓi magagarinsa ka goga a bakin wuƙar. In ya zame yana ƙara siririya bai kama ba, ta yi tauri. In ya ci ta yana zubar da gari, mai taushi ce. Duba kuma ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, ba ɗan tsinke aka cusa ba. Wuƙaƙen ado masu kyakkyawan kube da ake yi wa baƙi masu yawon buɗe ido, aikin hannu ne abin yabo, amma da yawansu don rataya aka yi su. Kuben fata kuma na yawo ne, ba na ajiya ba. Jimar bagaruwa da danshi na baƙanta ƙarfe su sa shi tsatsa, don haka in za ta daɗe ba a taɓa ta ba, zare ta ka shafa mata man gyaɗa kaɗan.

Washi shi ne rabin ƙarkon wuƙa. Tsayar da ita a miƙe bisa dutse, kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wannan, ka samu kusan digiri 20 ke nan. Jiƙa dutsen, ka riƙa turawa kamar za ka fere shi, har ka ji wata ƴar geza ta taso a ɗaya gefen in ka shafa da babban yatsa. Juya ka yi wa ɗayan haka, sannan ka goge gezar a bayan tsohuwar fata. In kana tasha ba dutse, gindin kofin tangaran inda ba a shafe ba yana yi. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka miƙa ta ga mai injin washi yana tartsatsin wuta. In ka ga bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurin wurin, kuma ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wannan ɓangaren. Kada ka ɓamɓare murfin gwangwani da ita, kada ka kwance kusa da tsininta, kada ka yi yanka bisa siminti ko tiren ƙarfe.

Wuƙar aljihu kuma ba ta layya ba ce. Yanka na son doguwa wadda aka keɓe masa, mai kaifi sosai, kamar yadda hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa. Wannan fannin mahauta sun fi ni saninsa, su za ka tambaya kafin Babbar Sallah.

Da ni ne da jaka talatin ɗin nan, kashi biyu cikin uku zan sa a Casio na gaskiya mai 100M da batirin shekara 10, sauran in sayi Opinel lamba 8 ta inoks da ƙaramin dutsen washi. In Opinel ta gagara samu, in je wurin maƙeri da kaina a yi min ƴar gajera ta sifirin mota, in riƙa goge ta duk na tsaga albasa. Farashi na motsi, musamman kayan da ke shigowa daga waje, don haka zaga kanti biyu uku kafin ka ciro kuɗi.

Tunda kana bin hanyar Yamai, ga shingayen jami'an tsaro, ka sa wuƙar cikin jakar aikinka tare da allurar ɗinkin buhu da igiya, ba a ƙugu ba. In an tambaye ka me ke ciki, faɗa tun kafin a buɗe. Kada ka shiga da ita ma'aikatar gwamnati, banki ko taron jama'a, kuma in tafiyar jirgi ta kama ka a filin Diori Hamani, cikin babban akwatin da ake aunawa za ka sa ta, don a jakar hannu karɓewa za a yi.